Minti Goma Na Farko: Hannun Na Kusa Da Ceton Wanda Zuciyarsa Ta Tsaya



Muna godiya ƙwarai da aka ba mu wannan dama, mu da muke 'ya'yanku kuma ƙannenku, mu tsaya gabanku mu yi magana. Mun sani sarai cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma ku ne kuka aike mu makaranta, ɗan aike kuwa wajibinsa ne ya komo da saƙo. Saƙon da muka zo da shi yau ya shafi mutumin da ya yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta daina harbawa, da kuma abin da na kusa da shi zai iya yi da hannunsa kafin a kai ga likita. Wannan aiki shi ne danna ƙirji da hura iska a baki, wanda ma'aikatan asibiti ke taƙaita sunansa da haruffa uku, watau CPR. Za mu duba yawan rayukan da yake ceta, da inda ƙarfinsa ya ƙare, da kuma abin da ya rage gare mu a nan ƙasar Wudil.

Mece Ce Tsayawar Zuciya?

Zuciyar ɗan Adam tana harbawa kusan sau 100,000 a kowace rana, tana tura jini wajen lita 5 a minti guda. Abin da ke tsara wannan harbawa wani ɗan ƙaramin lantarki ne da Allah ya halitta a cikin naman zuciyar kanta. Idan wannan tsari ya rikice, sai zuciya ta kama karkarwa maimakon harbawa, ko kuwa ta tsaya cik. Ko wanne ya auku, jini ya daina zagayawa ke nan. Cikin 'yan sakan kaɗan mutum zai fita hayyacinsa. Daga minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa za ta fara lalacewa domin rashin iskar oksijin, idan kuwa aka wuce minti 10 ba a yi kome ba, da wuya a sami wanda ya tashi.

Ya kamata mu bambanta wannan da toshewar jijiyar zuciya. Mai toshewar jijiya yana farke, yana kukan ciwon ƙirji, yana gumi, kuma abin da yake bukata shi ne a gaggauta kai shi asibiti. Wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa ba ya magana, ba ya motsi, ba ya numfashi irin na mai rai. Masu lambu a bakin kogin Wudil za su fi kowa gane misalin. Na farko kamar toshewar bututu ne alhali injin ban ruwa yana aiki. Na biyu kuwa injin ne ya mutu. Mai lambun da injinsa ya mutu yakan koma ga jigo ko guga, ya riƙa ɗan ba shuka ruwa har makaniki ya iso. Danna ƙirji shi ne wannan jigo. Jinin da yake turawa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na abin da lafiyayyar zuciya ke turawa ba, amma ya isa ya jinkirta mutuwar ƙwaƙwalwa.

Abubuwan da ke jawo tsayawar zuciya suna tare da mu. Hawan jini ya kama kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya, da yawa kuwa ba su san suna da shi ba. Ciwon zuciya na masu jego, wanda likitoci suka yi nazarinsa a Zariya tun cikin shekarun 1970, kuma aka ci gaba da bincikensa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya fi yawa a Arewacin Nijeriya bisa galibin sassan duniya. Ga nutsewa a ruwa, ga jan wutar lantarki, ga faɗuwar tsawa da damina.

Abin Da Muka Saba Yi

Idan mutum ya faɗi a kasuwa ko a masallaci, kowa ya san abin da ke biyo baya. Jama'a za su yi cincirindo a kansa. Wani zai kawo ruwa a yayyafa masa, wani ya yi masa fifita, wani ya tura masa cokali a baki, wani kuma ya ruga neman babur ko Adaidaita Sahu. Duk wannan ƙauna ce da tausayi, kuma yana iya wadatarwa idan suma ce kawai. Amma idan zuciya ce ta tsaya, babu ɗaya daga cikinsu da ke tura ko ɗigon jini zuwa ƙwaƙwalwa.

To, mu yi lissafi. Masana sun ƙiyasta cewa kowane minti guda da ya wuce ba tare da taimako ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Idan ana danna ƙirji, raguwar takan sauko zuwa kashi 3 ko 4. Kafin a sami abin hawa a Kausani, a ɗora mutum, a isa Babban Asibitin Wudil, minti 10 sun daɗe da shigewa. Birnin Kano kuwa, inda manyan asibitoci suke, yana da nisan kimanin kilomita 40 daga Wudil. Ashe ke nan shari'ar wannan bawan Allah ana yanke ta ne a wurin da ya faɗi, a hannun waɗanda ke tsaye a kansa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a lura da shi. Da yawa daga cikin waɗanda zuciyarsu ta tsaya sukan yi wani irin numfashi jefi-jefi, mai kama da kakari ko minshari, a mintocin farko. A ƙasashen Turai mutane sukan ɗauka numfashi ne sosai, sai su tsaya jira. A wurinmu kuwa mukan ce gargarar mutuwa ce, sai a fara salati, a miƙe masa ƙafafu. Dukkan fassarorin biyu suna kai wa ga naɗe hannu. Alhali likitoci sun tabbatar cewa wannan kakari alama ce ta cewa tsayawar ba ta daɗe ba, kuma masu yin sa sun fi saura damar tashi idan aka fara danna ƙirji nan take.

Asalin Wannan Dabara

Wannan ilmi bai tsufa ba. Kafin 1960, idan zuciya ta tsaya a asibiti, sai likita ya tsaga ƙirji ya matsa ta da hannunsa. Cikin shekarun 1950 likitoci biyu a Amurka, James Elam da Peter Safar, suka nuna cewa iskar da mutum ke fitarwa daga bakinsa tana da sauran oksijin da zai ishi wani. Sannan a asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimo, injiniyoyi biyu, William Kouwenhoven da Guy Knickerbocker, tare da wani likitan fiɗa mai suna James Jude, suka gano cewa danna ƙashin ƙirji daga waje yana tura jini. A 1960 suka buga sakamakonsu: daga cikin marasa lafiya 20 da aka yi wa haka, 14 sun rayu. Babban abin da suka jawo hankalin duniya a kai shi ne cewa aikin ba ya bukatar kome sai hannu biyu.

A 1965 wani likita a birnin Belfas, Frank Pantridge, ya ƙera na'urar da ake iya ɗauka a mota domin a ba zuciya mai karkarwa jan lantarki, ta komo kan tsarinta. Nauyinta ya kai kilo 70, kuma da batirin mota take aiki. Jikokin wannan na'ura, waɗanda ake kira AED, ba su wuce kilo 2 ko 3 ba. Su da kansu suke auna zuciya, su faɗa wa mai amfani da su abin da zai yi da murya, kuma ba sa sakin wuta sai inda ta dace. A farkon shekarun 1970 kuma birnin Siyatil na Amurka ya fara koya wa talakawan gari danna ƙirji, abin da ya sa yankin ya zama abin misali a duniya.

Abin Da Alƙaluma Suka Nuna

A ƙasar Suwidin an duba mutane fiye da 30,000 waɗanda zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti a gaban shaidu, tsakanin 1990 da 2011, aka buga sakamakon a 2015. Waɗanda na kusa da su suka fara danna musu ƙirji kafin motar asibiti ta iso, kashi 10.5 cikin 100 suna raye bayan kwana 30. Waɗanda aka tsaya jira, kashi 4 ne kacal. Watau hannun na kusa ya ninka damar rayuwa fiye da sau biyu.

Ƙasar Denmak ta fi ba mu darasi, domin ita da gangan ta sauya halin jama'arta. A 2005 ta wajabta koyar da wannan aiki a makarantun firamare, a 2006 kuma ta wajabta shi ga duk mai neman lasisin tuƙi. A 2001 mutum 21 cikin 100 ne ke samun wanda zai danna musu ƙirji. Zuwa 2010 sun kai 45. A cikin waɗannan shekaru masu rayuwa bayan kwana 30 suka tashi daga kashi 3.5 zuwa 10.8. Ganin irin wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta goyi bayan a riƙa koya wa yara daga shekara 12, awa biyu a kowace shekara.

Idan aka haɗa hannu da na'ura, sakamakon yakan wuce haka nesa. A wani bincike da aka buga a shekarar 2000, an horar da masu gadin gidajen caca a Amurka, aka ba su na'urar. Daga cikin waɗanda aka gani sun faɗi da karkarwar zuciya, kuma aka ba su jan lantarki cikin minti 3, kashi 74 cikin 100 sun fita asibiti da ransu. Waɗanda aka wuce minti 3, kashi 49.

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa sun ga wannan bambanci da idonsu. Ran 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a Babban Filin Wasa na Ikko ana karawa da Angola, yana da shekara 25, bai kuwa tashi ba. Ran 8 ga Maris, 2020, Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, shi ma ya rasu. Ran 12 ga Yuni, 2021 kuwa, Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a birnin Kofanhegan gab da hutun rabin lokaci. Nan take aka fara danna masa ƙirji a kan ciyawa, aka ba shi jan lantarki sau ɗaya, zuciyarsa ta komo. A Fabrairun 2022 ya koma fagen wasa, kuma ya buga gasar cin kofin duniya a Ƙatar a ƙarshen wannan shekara.

Iyakar Abin Da Hannu Zai Iya

Jama'a, kada mu yi muku romon baka. Fina-finai sun ɓata tunanin mutane a kan wannan al'amari. Wani nazari na 1996 ya ƙirga cewa a wasu shirye-shiryen talabijin na Amurka, uku cikin huɗu na waɗanda aka danna wa ƙirji suna farfaɗowa. A zahiri kuwa, ko a ƙasashen da suka ci gaba, wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke rayuwa idan abin ya auku a wajen asibiti, a cikin asibitocin Amurka kuma wajen ɗaya cikin huɗu. Har wa yau, alƙaluman Suwidin da Denmak an same su ne a inda motar asibiti ke isowa da na'ura cikin 'yan mintoci. Babban mutum mai karkarwar zuciya da wuya hannu kaɗai ya komo da shi. Hannu lokaci yake saya masa. Haka kuma tsohon da ya daɗe yana jinya, wanda jiki ya riga ya ƙare, danna ƙirji ba safai yake amfanarsa ba, kuma barinsa ya cika cikin natsuwa ba laifi ba ne.

Amma akwai inda hannu da baki kaɗai suke iya gama aikin, kuma nan ne rabonmu ya fi tsoka. Yaron da aka tsamo daga ruwa zuciyarsa lafiyayya ce, iska ce ta yanke mata. Idan bai daɗe a ruwa ba, aka hura masa iska aka danna ƙirji, sau da yawa yakan farfaɗo ba tare da wata na'ura ba. Haka wanda tsawa ta faɗa wa. Mu kuwa ƙasarmu ƙasar ruwa ce: ga kogin Wudil da masunta da masu haƙar yashi da masu fito, ga kududdufai da ke cika da damina a bayan kowane gari. Kowace shekara Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano tana ba da labarin yaran da aka tsamo daga kududdufi da rijiya. Ba mu manta da haɗarin jirgin ruwa na Bagwai ba, ran 30 ga Nuwamba, 2021, inda mutum aƙalla 29 suka rasu, galibinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Al'adarmu ita ce a danna cikin wanda ya nutse, ko a riƙe shi kai ƙasa don ya amayar da ruwa. Wannan ɓata lokaci ne, kuma yana iya sa abin da ke cikin ciki ya koma huhu. Iska yake bukata.

Yadda Ake Yi

Da farko a tabbata wurin ba shi da haɗari. Idan lantarki ne, a kashe wuta ko a ture wayar da busasshen itace kafin a taɓa mutum. Sannan a dafa kafaɗarsa, a kira shi da ƙarfi. Idan bai amsa ba, a dubi ƙirjinsa na tsawon da bai wuce sakan 10 ba. In ba ya numfashi, ko kuwa kakari kawai yake yi, to a ɗauka zuciya ta tsaya. Kada a ɓata lokaci wajen laluben jijiya. A nuna mutum ɗaya da yatsa, a ce ya kira lambar gaggawa 112, ya kira ma'aikacin lafiya mafi kusa, ya kuma nemo mota.

A kwantar da shi rigingine a ƙasa ko kan tabarma, domin katifa tana shanye ƙarfin dannawa. Mai taimako ya durƙusa gefensa, ya ɗora gindin tafin hannunsa a tsakiyar ƙirji, ya aza ɗaya hannun a kai, ya miƙe gwiwoyin hannu, ya danna da nauyin jikinsa. Zurfin ya kai santimita 5 zuwa 6, watau kimanin tsawon kwalin ashana. Saurin kuwa sau 100 zuwa 120 a minti, kusan sau biyu a kowane sakan. Bayan kowace dannawa a bar ƙirji ya taso sarai. Wanda ya sami horo, bayan dannawa 30 sai ya ɗaga haɓar mutumin, ya toshe masa hanci, ya hura iska sau biyu har ya ga ƙirji ya taso. Wanda bai iya ba, ko yake ƙyama, ya ci gaba da dannawa kawai ba tsayawa, domin ga babban mutum wannan ma yana da amfani ƙwarai. Ga yaro da wanda ya nutse kuwa hura iska tana da muhimmanci, kuma ga wanda ya nutse da ita ake farawa. Ƙaramin yaro hannu ɗaya ya isa, jariri kuma manyan yatsu biyu, a danna kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinsa.

Aikin yana da gajiyarwa, saboda haka a riƙa karɓeɓeniya kowane minti 2, kamar yadda mata ke karɓar taɓarya wajen daka. Idan za a tafi asibiti, a nemi mota mai buɗaɗɗen baya inda zai kwanta a ci gaba da dannawa, domin a kan babur babu yadda za a yi. Ba a dainawa sai ya motsa ya kama numfashi sosai, ko ma'aikacin lafiya ya karɓa, ko ƙarfi ya ƙare. Idan ya farfaɗo, a juya shi ya kwanta a gefensa, kuma lalle a kai shi asibiti.

Abubuwan Da Ke Riƙe Hannun Mutane

Wani zai ce, ai wanda kwanansa ya ƙare ba mai tashinsa. Gaskiya ne, kuma babu mai da'awar ta da matacce. Amma wa ya san kwanan wani ya ƙare? Mu da muke tsamo wanda ya faɗa rijiya, muke kai maciji ya sara asibiti, ba mu taɓa ɗaukar haka jayayya da ƙaddara ba. Wannan ma neman magani ne. Kuma babu abin da ya hana wani ya riƙa laƙƙana masa kalmar shahada yayin da wani ke danna ƙirji.

Wani kuma tsoron ɓarna yake yi. Lalle haƙarƙari yakan karye, musamman ga tsofaffi, amma karaya tana ɗoruwa. Idan ma aka yi kuskure aka danna wa wanda suma kawai ya yi, ba safai yake samun mummunan rauni ba.

Sai batun mata. Ko a Amurka wani bincike na 2018 ya nuna cewa mace da ta faɗi a bainar jama'a ba ta samun taimako kamar namiji: kashi 39 bisa 45. A wurinmu kunya ta fi haka ƙarfi. Danna ƙirji ba ya bukatar a tuɓe wa mace tufafi, kuma lalura ce. Amma babban maganin shi ne a koya wa matan kansu. A ƙasashen da ake ƙirgawa, galibin tsayawar zuciya a cikin gida take aukuwa, a Kausani kuwa da hantsi maza suna gona ko kasuwa, mata ne a kan yara da tsofaffi.

Na ƙarshe shi ne tsoron kada mai taimako ya zama abin tuhuma idan mutum ya cika a hannunsa. Wannan tsoro ba mu ne za mu kawar da shi ba. Sai shugabanni da jami'an tsaro sun fito fili sun tabbatar wa jama'a cewa mai ceto shaida ne, kuma abin godiya.

Kiranmu

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil, da na Jami'ar Bayero: mu fara da kanmu. Jawabi ba ya koyar da hannu, sai an durƙusa an gwada a kan mutum-mutumin koyo a gaban wanda ya iya. Mu nemi ƙungiyar Red Cross da malaman asibiti su horar da mu, kowannenmu kuma in ya zo hutu ya koya wa mutum goma a unguwarsu.

Ga yayyenmu ma'aikata, ku ne kuke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu. Malamin makaranta ya nema wa wannan darasi awa biyu a shekara, a boko da Islamiyya. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ya sa kuɗin na'urar AED a cikin kasafi, a ajiye ta inda jama'a ke taruwa, kamar kasuwar Wudil ran Juma'a, da filin wasa, da tashar mota, tare da wanda zai kula da batirinta. 'Yan agaji na ƙungiyoyin addini, waɗanda ba a rasa su a masallacin Juma'a da filin Idi, da direbobi, da masunta, da ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, da ɗaliban Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil, su ne ya kamata a fara horarwa. Asibitocinmu kuma su fara rubuta adadin waɗanda aka kawo, da waɗanda aka danna wa ƙirji kafin isowa, da waɗanda suka rayu, domin wata rana mu tsaya a nan da alƙaluman ƙasar Kano maimakon na Suwidin.

Ga iyayenmu kuwa, roƙonmu ɗaya ne. Ran da kuka ga ɗanku ya durƙusa yana danna ƙirjin wanda ya faɗi, kada a janye shi, kada a ce rashin kunya ce ko rashin tawakkali. A ba shi wuri, a sa wani ya karɓe shi in ya gaji.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.